Siffar Allon Durƙuso da Tasirinta ga Hawan Igiyar Teku: Nazari Bisa Gaɓar Legas

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda siffar allon da ake hawan igiyar teku da shi a durƙushe take shafar gudunsa da juyawarsa, domin fito da ma'aunin zaɓe ga matashin da ke zaune a unguwannin Hausawa na Legas, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende. An ɗora nazarin a kan ƙa'idojin motsin ruwa da tarihin wasu fitattun alluna, sannan aka gwada su da halin igiyar Tarkwa Bay da ke gaɓar Legas. Nazarin ya nuna cewa a ƙaramar igiya mai saurin karyewa, faɗi da cikar allo sun fi tsawonsa da yawan fika-fikansa muhimmanci, kuma allon da ya fi suna a tarihin wasan shi ne mafi rashin dacewa da mai koyo a Legas.

1.0 Gabatarwa

Fataucin goro da na shanu, da layin dogon da ya haɗe Legas da Kano a 1912, su suka kafa zangon Hausawa a Agege. Jikokin waɗannan fatake a yau haifaffun birnin bakin teku ne, kuma wasannin teku na cikin abubuwan da ke gabansu kamar yadda suke gaban kowane ɗan Legas. Ɗaya daga cikinsu shi ne hawan igiyar ruwa da allo, wanda ya shiga wasannin Olamfik a karon farko a Tokyo, a gasar da aka gudanar a 2021.

Hawan iri uku ne: a tsaye, a kwance, da a durƙushe. Na ukun shi ne abin da wannan maƙala ta sa gaba. Mahayi yakan kwanta rub da ciki a kan allo, ya yi tuƙi da hannu har igiya ta ɗauke shi, sai ya miƙe bisa gwiwoyinsa ya bi fuskar igiyar kafin ta karye. Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya ɗaya: wace siffa ce ta allo ta dace da wannan hawa a ruwan Legas, kuma saboda me?

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Marubuta tarihin wasan, musamman Matt Warshaw a kundinsa na 2003 da littafinsa na tarihi na 2010, sun ba George Greenough, mutumin Santa Barbara a Kalifoniya, matsayi na musamman. A tsakiyar shekarun 1960 Greenough ya ƙera wani gajeren allon durƙuso mai suna Velo, mai zurfi a tsakiya, wanda ake kira cokali saboda kamanninsa. Kusan dukan jikinsa zaren gilashi ne mai lanƙwashewa, ya kuma sa masa dogon fiffike siriri da ya kwaikwayo daga wutsiyar kifin tuna. Da irin wannan fiffike Nat Young na Ostareliya ya ci gasar duniya a San Diyego a 1966, kuma daga kallon yadda Greenough ke juyi a durƙushe ne maƙera irin su Bob McTavish suka fara gajarta allunan tsaye a 1967. A wannan shekarar ce kuma Steve Lis, a San Diyego, ya fito da allon da ake kira kifi: gajere, mai faɗi, mai tsagaggiyar wutsiya da fika-fikai biyu. Shi ma don durƙuso aka yi shi, kafin masu tsayuwa su karɓe shi, har Jim Blears ya ci gasar duniya ta 1972 da irinsa.

Rukuni na biyu shi ne na masana ƙirar jiragen ruwa. Littafin Lindsay Lord na 1946 a kan ƙasan jirage masu sulɓi, da maƙalar Daniel Savitsky ta 1964, sun bayyana yadda faɗi da kusurwar da jiki ya fuskanci ruwa da ita suke haifar da ƙarfin ɗagawa. Bob Simmons, ɗaya daga cikin maƙeran alluna na farko a Kalifoniya, ya yi amfani da aikin Lord.

Rukuni na uku ya shafi Afirka ta Yamma. Fim ɗin The Endless Summer na 1966, wanda ya bi ta Senegal da Gana da Nijeriya, ya nuna baƙi biyu daga Amurka kamar su suka kawo wasan yankin. Kevin Dawson, a littafinsa na 2018, ya rushe wannan zato da shaidar matafiya: Michael Hemmersam ya ga yara da alluna a ruwan gaɓar da ake kira Gana yanzu a shekarun 1640, James Alexander kuma ya ga samari suna hawan igiya a Akara a 1834. Wannan gyara yana da nauyi, amma na tarihi ne. Rukunin farko ya auna alluna da igiyoyin Kalifoniya da Ostareliya, na biyu ya yi magana a kan jirage masu inji, na uku bai shiga batun ƙira ba. Giɓin da ke tsakaninsu shi maƙalar ke son cikewa.

3.0 Hanyar Nazari da Keɓaɓɓun Kalmomi

An bi hanyar ƙwanƙwance da kwatance. An rarraba allo zuwa sassansa, an duba aikin kowane sashe bisa ƙa'idojin kimiyyar motsin ruwa, sannan aka auna sakamakon da halin igiyar Legas. Alƙaluman da ke cikin misalai lissafi ne da aka fitar daga ƙa'idojin, domin mai karatu ya iya maimaita su da kansa.

A cikin maƙalar, cika na nufin yawan gurbin da allo ya mamaye, da lita ake auna ta. Ƙarfin tasowa shi ne turin da ruwa ke yi wa abin da aka nutsa a cikinsa. Sulɓi shi ne tafiyar allo a saman ruwa idan gudu ya ɗaga shi. Turjiya ita ce jan bayan da ruwa ke yi. Baka shi ne lanƙwasar ƙasan allo daga hanci zuwa wutsiya, leɓe kuma gefensa ne da ke yankar igiya.

4.0 Ƙwanƙwancewa

4.1 Halin igiyar Legas

Gaɓar Legas tana fuskantar kudu, kuma manyan igiyoyinta daga guguwowin kudancin Tekun Atlantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomita kafin su iso. Sun fi ƙarfi da damina, wajen Mayu zuwa Satumba. Da hunturu sukan ragu, sai dai iskar arewa maso gabas da ke kaɗowa daga tudu takan gyara fuskarsu ta yi sumul. Tazarar lokaci tsakanin igiya da igiya tana da muhimmanci ƙwarai. A ruwa mai zurfi, tsawon igiya da mita ya yi daidai da 1.56 sau tazarar daƙiƙoƙin a ninka ta da kanta. Igiya mai tazarar daƙiƙa 12 tsawonta kusan mita 225 ne, mai daƙiƙa 6 kuwa mita 56 kacal. Ko da tsayinsu ɗaya a ido, ta farkon ta fi ɗauko ruwa da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka gina a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 sun sauya gaɓar baki ɗaya. Sun tare yashin da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, ya taru a gefen yamma, wato gaɓar Lighthouse, teku kuma ya riƙa cin Bar Beach, inda aka gina Eko Atlantic daga baya. Tarkwa Bay tana cikin inuwar waɗannan katangu. Igiyar da ta shigo takan daki duwatsu ta dawo, ta haɗu da mai bi mata, sai su dunƙule su yi tozo mai tashi farat ɗaya a kan yashi marar zurfi. Igiya ce gajera, mai tsayuwar fuska, wadda ba ta jiran mai nawa. Gefen Lighthouse kuwa a buɗe yake, ruwansa ya fi ƙarfi da haɗari, kuma ba wurin koyo ba ne.

Lissafi ɗaya zai nuna matsalar da ke gaban mahayi. Igiya kan karye idan tsayinta ya kai kusan kashi 78 cikin 100 na zurfin ruwa, gudunta a ruwa marar zurfi kuma ya dogara ga zurfin kaɗai. A zurfin mita 1.5 tana tafiyar kusan mita 3.8 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 14 a awa. Mai tuƙi da hannu ba ya kai wannan gudu. Gangaren igiyar ne ke cike masa gurbin, kuma aikin allo shi ne ya karɓi wannan turi cikin gaggawa.

4.2 Cika da ƙarfin tasowa

Ƙa'idar Arkimidis ta ce ruwa yana tura abin da aka nutsa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya gusar. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da nauyin kilo 1.025. Allo mai cikar lita 40, idan ya nutse duka, zai ɗauki kilo 41, kuma idan aka cire nauyinsa na kilo 3 zuwa 4, saura wajen 37. Ke nan mai nauyin kilo 65 ba zai tsaya a sama cak ba, wani sashe na jikinsa yana cikin ruwa, kuma haka ake so.

Masunta na Argungu sun san wannan ƙa'ida a aikace. Mai su yakan kifa cikinsa a kan babban gora ya ratsa kogin Matan Fada da homa a hannu, goran yana ɗauke da shi saboda iskar da ke cikinsa. Sai dai gora tasowa kaɗai yake bayarwa. Zagayayyen jikinsa ba ya hawa saman ruwa komai gudu. Allo kuwa ayyuka biyu ake nema a gare shi: ya taso da mahayi yayin tuƙi, ya yi sulɓi yayin hawa. Yawan cika yana sauƙaƙa na farko, amma idan ya wuce kima sai leɓe ya ƙi nutsewa a lokacin juyi, allon ya riƙa tsalle a fuskar igiya yana ƙin bin umarni.

A nan ne cokalin Greenough ya gaza. Soson da ke sa allo tasowa kaɗan ne a jikinsa, da ƙyar yake tasowa, kuma sai da takalmin iyo da igiya mai ƙarfi da tsawo yake nuna bajintarsa. A ƙaramar igiyar Tarkwa Bay, kafin irin wannan allo ya fito daga ruwa ya fara sulɓi, igiyar ta riga ta karye. Sunan da ya yi a tarihi ya cancance shi, amma ba hujjar saye ba ce.

Ana iya ƙiyasta cika ba tare da kwamfuta ba. A ninka tsawo da faɗi da kauri da santimita, a raba da 1,000, sannan a ɗauki kashi 55 cikin 100 ko kusa da haka, tunda allo ba akwati ba ne. Allo mai tsawon santimita 178 da faɗin 58 da kaurin 6.7 zai ba da wajen lita 38.

4.3 Faɗi da sulɓi

Ƙarfin ɗagawa yana ƙaruwa da gudu ninki a kan ninki: idan gudu ya ninka biyu, ɗagawa ta ninka huɗu. Ma'anar wannan ita ce a igiya mai ƙarfi ƙaramin fili ya wadatar, a mai rauni kuwa dole a rama rashin gudu da yalwar fili. Aikin Lord da na Savitsky sun nuna cewa jiki gajere mai faɗi ya fi dogo siriri samar da ɗagawa daga fili iri ɗaya. Shi ya sa allunan durƙuso suka zauna a tsawon ƙafa 5 da rabi zuwa 6 da ɗoriya, da faɗin inci 22 zuwa 24, alhali gajeren allon tsaye yakan tsaya wajen inci 18 zuwa 20.

Akwai dalili na biyu da ya keɓanta da durƙuso. Mai tsayuwa yana da ƙafar gaba da ta baya, yana iya matsawa ya sauya wurin da nauyinsa ya faɗa. Mai durƙuso gwiwoyinsa a jere suke, kuma inda ya sa su nan za su zauna har ƙarshen hawa. Cibiyar nauyinsa tana ƙasa, abin da ke ba shi natsuwa da saurin miƙewa a igiya mai tashi farat ɗaya, amma ya rasa dogon jikin da ake karkata allo da shi. Saboda haka wajibi ne wuri mafi faɗi da mafi kauri na allon ya faɗo ƙarƙashin gwiwoyi ko gaba da su kaɗan. Idan ya yi baya, hanci zai riƙa nutsewa. Idan ya yi gaba da yawa, allon zai yi gudu a miƙe amma ya yi taurin kai wajen juyi. Maƙeran Ostareliya na shekarun 1970, musamman a allon da aka sani da Peter Crawford na Dee Why, sun bi wannan hanya ta faɗi da wadatar soso, kuma yawancin allunan durƙuso na yanzu sun fi kusa da ita fiye da cokali.

4.4 Baka da leɓe

Allo mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi saurin tuƙi da saurin kama igiya. Mai zurfin baka ya fi shiga lanƙwasar igiya da gajeren juyi, amma yana tura ruwa a gabansa. Igiyar Tarkwa Bay tana neman abu biyu da ke karo da juna, domin ƙarama ce kuma mai tsayuwar fuska. Sulhun da ya fi dacewa shi ne tsakiya da baya su kasance a shimfiɗe, a ɗaga hanci daidai gwargwado don kada ya caki ruwa lokacin gangarowa.

Leɓe zagayayye yana barin ruwa ya nannaɗe shi, yana yafe kuskure. Mai kaifi a ƙasa yana sakin ruwa, yana ƙara gudu. Haɗin da aka saba shi ne laushi a gaba, kaifi daga bayan gwiwa zuwa wutsiya.

4.5 Wutsiya da fika-fikai

Tsagaggiyar wutsiyar Lis tana ba da faɗin da ake bukata don sulɓi, kowane reshe nata kuma yana cizon igiya kamar siririyar wutsiya idan an karkata. Zagayayyar wutsiya ta fi santsin juyi da riƙo a babban ruwa. Fiffike yana hana wutsiya zamewa gefe, yana kuma mayar da turin igiya ya zama gudun gaba. Biyu suna da sakin jiki da gudu. Uku, tsarin da Simon Anderson ya ci gasar Bells Beach da shi a 1981, sun fi riƙo da tabbas, amma na tsakiyar yana ƙara turjiya. Huɗu suna riƙe tsayayyar fuska ba tare da wannan turjiya ba.

Inda aka kafa su ya fi yawansu tasiri. Tunda mai durƙuso ba shi da ƙafar da zai danna wutsiya, ana matso da fika-fikan gaba fiye da na allon tsaye, su kusanci ƙaurinsa. Wannan ne ya sa ɗauko tsohon allon tsaye a durƙusa a kai ba ya haifar da ɗa mai ido: ya yi siranta, fika-fikansa kuma sun yi nisa da inda nauyi yake.

4.6 Kayan haɗi da zafin Legas

Alluna iri biyu ne ta fuskar kayan haɗi. Akwai mai soson foliyuritan da ƙaron foliyesta, akwai mai farin soso irin na cikin kwalin kayan lantarki da ƙaron efoksi, wanda ya ƙara yaɗuwa bayan rufe kamfanin Clark Foam a Disambar 2005. Na biyun ya fi sauƙin nauyi da jure bugu. Abin kiyayewa shi ne ƙaron foliyesta yana narkar da farin soso, don haka mai gyaran jiragen faiba da ya shafa abin da ya saba da shi zai iya huda allon maimakon ɗinke shi. Dole a san irin soson kafin a taɓa.

Gwiwa tana tattara nauyi a ƙaramin wuri, tana lotsa saman allo. Allon ƙwarai yana da ƙarin shimfiɗar zaren gilashi a wurin, da matashin roba a kai. Rana ma abokiyar gaba ce: allon da aka bari a yashi ko a saman mota, iskar da ke cikin sosonsa takan kumbura ta raba fata da jiki. Ruwan Legas yana tsakanin digiri 25 da 30 kusan duk shekara, saboda haka kakin da ake gogawa don hana santsi sai mai tauri na ƙasashen zafi.

5.0 Zaɓe a Aikace: Daga Agege Zuwa Tarkwa Bay

Mai fitowa daga Agege zai ratsa gari da mota ko da jirgin ƙasa na cikin birni da ya fara jigila a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, ya isa bakin ruwa a tsibiri, sannan ya hau jirgin ruwa, domin babu titin da ya kai Tarkwa Bay. A irin wannan tafiya, allon da bai kai mita 2 ba yana da fifiko a kan dogon allon koyo na tsaye, wanda kan kai ƙafa 8 ko 9, kuma kowane kwandasta zai nemi kuɗin kujera a kansa.

Bisa abin da ya gabata, mai koyo mai nauyin kilo 60 zuwa 70 zai nemi allo mai tsawon kusan ƙafa 5 da inci 8 zuwa ƙafa 6, faɗin inci 23 ko kusa, da cikar da ta kusanci lita 40, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ɗagaggen hanci da faɗin wutsiya. Wanda ya fi haka nauyi ya fara ƙara kauri da faɗi kafin tsawo. Idan hannu ya faɗa, ana iya rage cika sannu a hankali. Fika-fikai masu cirewa sun fi kafaffu, don ana iya gwada biyu yau, huɗu gobe, kuma ba sa karyewa a cunkoson mota.

Mafi yawan abin da zai zo hannu na gwanjo ne, kuma araha ba ta ado. A danna saman allon da babban yatsa, inda ya yi taushi ko ya yi ƙara, fata ta rabu. A ɗaga shi, nauyin da ya wuce kima alamar ya sha ruwa ce. A duba tsakiya ko akwai layin da ya ratsa daga leɓe zuwa leɓe, wanda ke nuna ya taɓa karyewa. A girgiza fika-fikai a ji ko gindinsu na motsi. Matasan da suka taso da wasan a Tarkwa Bay, waɗanda tashin da sojojin ruwa suka yi wa mazauna wurin a Janairun 2020 ya shafi unguwarsu, su suka fi kowa sanin inda yashi ya kwanta a kowane lokaci na shekara, kuma aron allo a wurinsu a gwada kafin saye ya fi dogaro da lissafi kaɗai.

Sharaɗi ɗaya yana gaba da duk waɗannan. Allo ba rigar ceto ba ce, maɗaurin da ke haɗa shi da ƙafa kuma yana iya tsinkewa. A gefen katangun duwatsu akwai ruwa mai ja zuwa cikin teku, kuma wanda ya faɗa cikinsa ba ya yin gaba da gaba da shi, sai ya yi iyo a gicciye, daura da gaɓa, har ya fita daga bakinsa. Iya ruwa fid da kai. Wanda ya tashi a unguwar da babu kogi ko wurin iyo zai fara da koyon ninƙaya a ruwa mai natsuwa, ƙarƙashin idon wanda ya iya, har ya iya komawa gaɓa daga inda igiya ke karyewa ba tare da allo ba.